Gwanjon intanet: a sayi motar ko a sayi kamfanin?

Autan Hajiya:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan gida. Shawara nake nema. Na ɗan tara dala 1,500 a manhajar nan da ake sayen hannun jarin Amurka, shekara biyu ina ƙuƙutawa. Kawuna motoci yake shigowa da su, kuma ba a yin sati biyu bai yi mitar kuɗin da kamfanonin gwanjo suke yankarsa ba. Sai na ce a raina, in dai kullum kawu yana kuka, to akwai wanda kullum yake dariya. Na je na duba Copart, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin gwanjon motoci na Amurka. A shekarar kuɗinsu ta 2024 abin da ya shigo musu ya haura dala biliyan 4, ribar da ta rage bayan an fitar da komai ta kusa biliyan 1.4. Wane shago ne a Kwari yake barin kashi ɗaya cikin uku? Duk inda na leƙa masu zuba jari yabon irin waɗannan kamfanoni suke yi, wai gwanjo gaba ɗayansa intanet zai koma. In zuba ko in dakata?

Ɗan Kwatano:
Wa alaikumus salam. Kawunka bai yi ƙarya ba, Auta. Bari in ba ka lissafin da na yi watan jiya, ba zan kama sunan filin gwanjon ba. Camry ce da aka buga ta gefen direba, na ci ta a dala 4,200. Kafin ta fita daga ƙofar filin ta haura 5,000. Akwai la'adar mai saye, akwai kuɗin taya ta intanet, akwai kuɗin ƙofa, ga na dillalin da na bi ta lasisinsa. In ka yi jinkirin ɗauka kuma kuɗin ajiya yana hawa kullum. Shi ma mai motar da ya kawo ta, an yanke shi nasa. Ni zan iya faɗuwa a motar, kamfanin inshorar da ya kawo ta ya riga ya faɗi tun ranar haɗari, amma mai fili bai san faɗuwa ba. Ba motarsa ba ce.

Bazazzagi:
Wato dai dillalin kara ne ya sa kwat.

Ɗan Kwatano:
Shi ne fa. Sai dai shi wannan dillalin har da karar tasa ce.

Ticha Mai Ritaya:
Auta, yarona, wannan waƙar ta "komai intanet zai koma" na ji ta tun ba a haife ka ba. Ina karatu a Ingila lokacin da eBay, shafin gwanjo na intanet, ya shiga kasuwar hannun jari a Satumbar 1998. An sa shi a dala 18, kafin a tashi kasuwa ran farko ya wuce 47. Wanda ya kafa shi, Pierre Omidyar, a 1995 ya fara, kuma abin da aka fara sayarwa wata 'yar fitilar nuni ce da ta lalace, a dala 14.83. Mutane suka ce in har za a yi takara a kan abin da ya mutu, to me ba za a yi gwanjonsa ba? Sai kowa ya buɗe nasa. Amazon ya buɗe gwanjo a 1999, Yahoo yana da nasa, ga uBid, ga Onsale. Ranar 10 ga Maris 2000 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Nasdaq ya kai ƙololuwa, ya haura 5,000. Zuwa Oktobar 2002 kusan kashi 78 cikin ɗari ya zube. Onsale ya haɗe da Egghead, a 2001 suka durƙushe tare. Gwanjon Amazon bai je ko'ina ba. Yahoo ya rufe nasa na Amurka a 2007.

Autan Hajiya:
Amma Baba Ticha, eBay ɗin ai bai mutu ba. Wanda ya zaɓi na gaskiya ai ya ci.

Ticha Mai Ritaya:
Bai mutu ba, kuma shi tun a wancan lokacin riba yake yi, ba kamar sauran ba. To amma saurari wannan. A ƙarshen 2004 hannun jarinsa ya kusa dala 60. A Maris 2009 yana wajen dala 10. Kamfanin yana nan, ana ciniki, ana riba, amma wanda ya saya ranar da kowa yake tafi ya ga kashi biyar cikin shida na kuɗinsa sun narke. Bai yi kuskuren kamfani ba, ranar saye ya kuskure.

Maman Ilham:
Ku bar ni in sa baki, don ni ina sayayya a eBay ɗin nan, jakunkuna da agoguna nake ɗaukowa ta hannun ƙanwata. Wallahi na manta rabon da in tsaya taya kaya. Wa yake da lokacin zama kwana bakwai yana gadin jaka, sannan saura daƙiƙa uku wani ya ɗora dala ɗaya ya ɗauke? Sau ɗaya aka yi mini haka, ƙarfe biyun dare, na sa ƙararrawa na tashi musamman, Abban Ilham yana ta tambaya ko lafiya. Tun daga ranar sai mai tsayayyen farashi. In ya yi mini in biya, in bai yi ba in aika tayi kamar yadda ake yi a kasuwa, ya ce albarka ko ya sallama.

Akanta:
Hajiya ta taɓo inda maganar take. Tun shekarar 2000 eBay ya kawo maɓallin saye nan take, kuma yau mafi yawan cinikin da ake yi a can, da tazara mai yawa, na tsayayyen farashi ne. Wato kamfanin da aka fi sani da gwanjo ya rayu ne da barin gwanjo. Dalili kuwa a fili yake. Gwanjo yana da amfani ne a kan abin da ba a san kuɗinsa ba: motar da ta yi haɗari, tsohon katafila, zanen da babu irinsa, doki. Amma cajar waya? Kowa ya san kuɗinta, ba sai an tara jama'a ba. Saboda haka in an ce maka "kamfanonin gwanjo za su bunƙasa", ka tambaya: gwanjon me?

Bazazzagi:
Mu dai da muka taso, in an ce gwanjo, rigar sanyi ce mai warin dila.

Maman Ilham:
Kai dai Bazazzagi ba ka rabo da abin dariya. Amma ai ita ma kalmar daga can ta samo asali, kayan da aka yi wa kuɗi a bainar jama'a.

Injiniya Houston:
Salamu alaikum, yanzu na tashi na tarar da saƙo ya taru. Ina so in goyi bayan Auta kaɗan, don na ga an taru a kansa. Kwatanta Copart da uBid bai yi ba. Ni a nan nake, ina wuce filayen nan a hanyar aiki. Abin da mutane ba su gane ba shi ne, shafin intanet ɗin shi ne ƙaramin abu a cikin kasuwancin. Ƙasa ce jarin. Eka ɗaruruwa a gefen manyan birane, an shinge, motoci jere har inda ido ya tsaya. Kuma samun izinin buɗe irin wannan fili yanzu ba wasa ba ne, babu unguwar da take son a ajiye mata matattun motoci masu ɗigar mai a bayan gida. Yaro mai kwamfuta zai iya rubuta manhajar gwanjo a wata uku, amma ina zai ajiye mota dubu goma? Lokacin guguwar Harvey a Agustan 2017 na ga abin da idona. Ruwa ya ci motoci ba adadi a garin nan, kamfanonin inshora suna neman wanda zai kwashe su cikin kwanaki. Wanda yake da fili da motocin ja shi ya samu aikin.

Shi Copart ɗin ma ai daga bola ya fara. Willis Johnson ya kafa shi a 1982 da fili ɗaya a Vallejo ta Kalifoniya, ya shiga kasuwar hannun jari a 1994, sai a 2003 ya mayar da gwanjon gaba ɗaya intanet. Wannan ne ya ba irin su Ɗan Kwatano damar taya mota daga Kano suna takara da mutumin Poland da na Dubai.

Ɗan Kwatano:
Kuma mu ne muke ɗaga farashin. Motar da Ba'amurke zai ce gyaranta ya fi ƙarfinta, don kuɗin aikin makanike a can ya yi tsada, ni in na kawo ta mai bugun bodi da fenta za su tashe ta a sati biyu. Shi yana tayawa a matsayin kayan gyara, ni ina tayawa a matsayin mota. Dole in fi shi.

Ticha Mai Ritaya:
Injiniya, na karɓi maganar fili. Akwai ma wata da ta fi ta. Me ya sa mai shanu yake kora su Wudil ran Juma'a, bai tsaya a ƙauyensu ba? Don can masu saye suke. Me ya sa masu saye suke zuwa can? Don can shanu suke. In kasuwa ta riga ta ci, da wuya ka kafa wata a gefenta. Abin da ya kashe gwanjon Amazon ke nan. Amma takobin nan kaifi biyu gare shi. A Japan Yahoo ya riga eBay kafa kasuwa, a 2002 eBay ya tattara ya fita. A Sin eBay ya sayi shafin gwanjo na EachNet, yana ganin ya gama, sai shafin Taobao ya zo a 2003 ya ce kowa ya baje kayansa kyauta. Zuwa ƙarshen 2006 eBay ya saduda. Saboda haka taswirar nan da ake nuna wa masu zuba jari, a ce ga ƙasashen da ba mu shiga ba tukuna, duk riba ce mai zuwa, kallon kitse ake wa rogo. Kowace ƙasa da Wudil ɗinta.

Autan Hajiya:
To ai a motocin inshora na Amurka kasuwar ta riga ta ci, kuma biyu ne manya, Copart da IAA. Na karanta cewa Ritchie Bros, masu gwanjon manyan injina, sun sayi IAA a 2023 a kan kusan dala biliyan 7. Masu irin wannan kuɗin ai ba wawaye ba ne.

Akanta:
Ba wawaye ba ne, amma masu kuɗi ma suna sayen tsada. eBay ya sayi manhajar kira ta Skype a 2005 kan dala biliyan 2.6, bayan shekara biyu ya fito ya ce abin bai kai kuɗinsa ba. Bar wannan ma. Ƙanina, ka kawo mana ribar kamfani, ba ka kawo mana kuɗin da za ka biya ka sayi ribar ba. Hannun jarin Copart ya sha kaiwa ninki 30 zuwa sama na ribar shekara. Ka ɗauka shago ne a Kwari da ake ba da hayarsa miliyan ɗaya a shekara, aka ce ka saye shi miliyan 35. Shagon yana da kyau, layin yana ci, ba wanda ya musa. Amma ba za ka biya haka ba sai kana da yaƙinin hayar za ta riƙa hawa shekara da shekaru. Duk labarin daɗin da ka karanta, wanda zai sayar maka ma ya karanta, kuma ya riga ya sa shi a cikin farashi. Ranar da hayar ta hau da kashi 5 alhali ana jiran 12, shagon bai rushe ba, amma kuɗinsa zai sauko.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Assalamu alaikum. An kira ni a gefe an ce in yi magana kan halaccin abin. Shi gwanjo, wanda malamai suke kira bai'ul muzayada, jumhur, wato mafi yawan malamai, sun halatta shi. Ana kafa hujja da hadisin Anas, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗaga shimfiɗa da ƙwaryar wani mabuƙaci, wani ya taya dirhami ɗaya, ya nemi mai ƙari, wani ya ba da biyu. Wasu malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma aikin mutane ya gudana a kan halacci. Hanin da aka yi na yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwa, bayan an daidaita ne, ba lokacin da kaya suke a buɗe ga kowa ba. Abin da aka haramta kai tsaye shi ne najashu: mutum ya taya ba don zai saya ba, don dai ya ruɗi wani ya ƙara. Wannan yana cikin Bukhari da Muslim.

Bazazzagi:
Allah ya gafarta Malam, in haka ne rabin dillalan Kano sai a sake musu karatu.

Ɗan Kwatano:
Za ka zo sayen mota ai, zan tuna maka.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Ku dai ba kwa girma. Game da sayen hannun jarin kuma, wannan wata mas'ala ce daban. Ana duba asalin sana'ar kamfanin, a duba yawan bashin ruwa da ke kansa, da abin da yake samu na ruwa daga kuɗin da ya ajiye, a fitar da wannan kason a yi sadaka da shi. Auta ya samu wanda ya san lissafin ya duba masa kowane kamfani da kansa, kada ya ce tunda gwanjo halal ne shi ke nan.

Autan Hajiya:
Na gode, Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Yaya Akanta zan biyo ka ta gefe da wannan.

Maman Ilham:
Ni tambayata ga Injiniya. Ana ta cewa motocin yanzu suna taka birki da kansu, wasu ma suna tuƙa kansu. In haɗari ya ragu, su waɗannan me za su sayar? Kasuwancin da abincinsa haɗari ne fa.

Injiniya Houston:
Hajiya, a kan wannan masu zuba jarin kansu suka rabu biyu. Zuwa yanzu abin da ya faru akasin haka ne. Motar zamanin da, in ka buga bamba, ƙarfe ne a miƙe shi. Ta yanzu a cikin bambar akwai kyamara da na'urorin hango abin da ke gaba, fitila ɗaya ma kuɗi ce mai yawa, ga jakar iska in ta fashe. Sai ƙaramin bugu ya sa inshora ta ce gara ta biya mai mota ta kai ta gwanjo. A yanzu cikin motoci biyar da aka kai ƙorafinsu inshora, sama da ɗaya a fili take ƙarewa, kuma da can bai kai haka ba. Wannan shi ne babban abin da masu kyakkyawan zato suke riƙe da shi. Amma ba zan ɓoye ba, in aka kai lokacin da haɗarin kansa ya ragu sosai, wannan lissafin zai juye. Yaushe? A nan ake musu. Akwai kuma wani rauni: masu kawo motocin 'yan manyan kamfanonin inshora ne ƙalilan. Ɗaya daga ciki in ya karkatar da motocinsa zuwa ɗaya filin, za a ji a jika.

Ɗan Kwatano:
Ku ƙara da namu ɓangaren, don mu ma muna cikin lissafinsu ko sun sani ko ba su sani ba. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Farkon 2024 ta haura 1,500, kuma kuɗin kwastam da ita yake tafiya. Ni da nake loda kwantena biyu a wata na koma ɗaya a wata biyu. Abokan sana'ata da yawa sun koma sayar da ta hannu, wadda aka hau a gida. Ga hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa tun farkon 2017, wanda ya karya mutanenmu na Kwatano da Maraɗi, sunan kawai ya rage mini. Sannan motar lantarki da ta yi haɗari, wa zai taɓa ta a nan? Makanikena ya ce ko kyauta aka ba shi ba ya so. In filayen can suka cika da irinsu, hannun irina ya fita daga takarar.

Kuma tunda ana maganar sayen tsada, bari in tona wa kaina asiri. Shekara uku da suka wuce na ga wata Highlander fara, hoto goma, ko ƙwarzane babu. Na ce ba zan wuce 7,000 ba. Da aka fara, ni da wani muka rage. Ya ɗora, na ɗora. Agogon nan yana zagayawa yana komawa farko duk lokacin da aka ƙara, zuciya tana bugawa, sai ka ji kamar mutuncinka ne a kan layi. Na farka a 9,300. Da ta iso na ɗaga kafet, sai ga busasshen taɓo har cikin ramin taya, wayoyin ƙarƙashin kujera sun yi kore. Ta sha ruwa. Kuma an rubuta a takardar, ni ne ban karanta ba, farin fenti ya rufe mini ido. Cinikin biri a sama na yi, ba wanda ya cuce ni.

Akanta:
Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Masana tattalin arziki sun daɗe da lura da wannan: a gwanjo, wanda ya ci sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa kuskuren kimanta kayan. Auta, kasuwar hannun jarin ma gwanjo ce, kullum ake kaɗa ta.

Ticha Mai Ritaya:
Kuma ba tarihin da kaɗai ba ne. A Maris 2021 gidan gwanjo na Christie's suka yi gwanjon wani hoton kwamfuta a dala miliyan 69, kowa ya rikice. Farkon 2022 aka kimanta OpenSea, kasuwar irin waɗannan hotuna, a sama da dala biliyan 13. Kafin shekarar ta ƙare cinikin ya zube warwas. A dai Maris 2021 ɗin ACV, masu gwanjon motoci tsakanin dillalai ta waya, suka shiga kasuwa a dala 25, ana ta murna, suka shafe shekaru ciniki yana hawa riba ba ta zo ba. Suna ɗaya ake kiransu da shi duka, amma wani yana da ƙasa, wani yana da jama'a, wani labari kawai yake da shi.

Autan Hajiya:
To a nan gida fa? Babu wanda zai yi irin wannan mu saya tun yana ƙarami?

Akanta:
An gwada. Cars45 sun fara a Legas a 2016, suna duba mota su sa wa dillalai su taya, Jiji ya saye su a 2021. Kwastam ma suna da shafin gwanjon kayan da aka kama tun 2017, sun sabunta shi a farkon 2024. Amma ka tuna abin da Injiniya ya ce, can inshora ce take ciyar da filayen. Nan yawancinmu ta dole muke yi, wadda ake nuna wa jami'an hanya. Mota in ta yi haɗari ba ta zuwa hannun inshora, gareji take zuwa ko wajen 'yan kayan gyara.

Maman Ilham:
Kuma Bahaushe ba ya sayen mota bai buga taya da ƙafa ba.

Autan Hajiya:
Na ji duka, Allah ya saka. Gaskiya har yanzu raina yana kan Copart, maganar filin nan ta zauna mini. Amma ba zan zuba 1,500 ɗin gaba ɗaya ba. Zan jira rahotonsu na wata uku mai zuwa, in ga yawan motocin da suka sayar ya hau ko ya sauka, ba kuɗin shiga kaɗai ba. In Yaya Akanta ya duba mini maganar da Malam ya yi, in fara da 300.

Injiniya Houston:
Ka rubuta farashin da ba za ka wuce ba kafin ka buɗe manhajar.

Ɗan Kwatano:
A tafin hannu, da biro. Ni yanzu haka nake yi. Ku yi mini uzuri, sha biyun rana ta yi a Texas, an fara. Akwai Corolla 2015 da nake jira, bugun baya ne, na rubuta 3,800. Bari in yi magariba da sauri kafin a iso kanta.

Bazazzagi:
Alwala za ta wanke biron fa, Alhaji.

Ɗan Kwatano:
Ta tafi a 4,650. Na tsaya a 4,100.

Maman Ilham:
Ina ce 3,800 ka rubuta?